Babi na Shida: Baƙin da Hunturu Kan Kawo

A watan Nuwamba, daidai lokacin da iskar hunturu take fara busowa a Kano, 'yan gwanjo su baza rigunan sanyi a Ƙofar Wambai, akwai wani gari a can ƙarshen ƙasar Ajantina mai suna Ushuaia da shi ma kasuwarsa take buɗewa. Jiragen ruwa ne ke jeruwa a tasharsa, suna kwasar mutanen da suka zo daga Amurka da Sin da Jamus da Ostireliya, su nausa da su kudu. Inda za su babu gari, babu kasuwa, babu ɗan uwan da za a gaisar. Tsuntsaye za su gani, da dabbobin teku, da ƙanƙara. Haka za a yi ta jigila har watan Maris, domin sa'ad da muke rawar ɗari a nan, su a can lokacin ɗumi ne, rana ma da ƙyar take faɗuwa.

Sana'ar ba ta wani tsufa ba. Wani mutumin Suwidin mazaunin Amurka, Lars-Eric Lindblad, shi ya fara shirya irin wannan tafiya ta 'yan yawon buɗe ido zuwa yankin Antatika a 1966, sannan a 1969 aka ƙera masa jirgi na musamman mai iya ratsa ruwa mai ƙanƙara, aka sa masa suna Lindblad Explorer. Jirgin ya yi shekara kusan 40 yana aiki, ya sauya iyayengiji, kafin a Nuwamban 2007 ƙanƙara ta huda shi kusa da tsibiran South Shetland ya nutse. Mutum 154 da ke ciki duk an cece su, bayan sun shafe sa'o'i a ƙananan kwale-kwale suna shan sanyi. Wannan bai rage wa harkar armashi ba. A farkon shekarun 1990 masu zuwa ba su kai dubu 10 a shekara ba, amma a kakar 2022 zuwa 2023 sun haura dubu 100. Kuɗin kujera kuwa, idan tafiyar ta haɗa da tsibirin South Georgia, wadda kan ci kusan mako uku, ya isa ya kai mutum biyu ko uku Makka su sauke farali su dawo da tsaraba.

Bakano da ya ji wannan lissafi, abin da zai fara cewa shi ne kuɗi ne suka yi musu yawa. Da gaskiyarsa. Sai dai mu da muka saba ganin baƙi da kyamara a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko tsaye a bakin karofin Ƙofar Mata suna kallon marina har su manta da rana, mun riga mun san halin ɗan Adam: yakan biya maƙudan kuɗi don ya ga abin da wani yake wucewa ta gabansa kullum ko waiwaye ba ya yi.

Abin da suke zuwa gani kuwa ya isa kallo. South Georgia tsibiri ne mai tsawon kilomita wajen 170, duwatsu ne da ƙanƙara, ba shi da filin jirgin sama, sai ta ruwa. A wata gaɓar tekunsa da ake kira St Andrews Bay, tsuntsayen fengwin na manyan jinsi fiye da dubu 200 ne ke taruwa wuri guda su yi ƙwai. Tsuntsu ne da ba ya tashi sama, tsaye yake tafiya, tsayinsa ya kusa mita guda, ƙirji fari, baya toka-toka, da ɗigon ruwan goro a gefen wuya. Ba ya yin sheƙa. Ƙwai ɗaya tak macen take yi, ita da namijin su riƙa karɓa-karɓa, kowa ya ɗora shi a kan ƙafafunsa ya rufe da fatar ciki, ɗayan ya tafi teku neman kifi. Rainon ɗa guda yakan ɗauke su fiye da shekara. A tsakaninsu ga wasu dabbobin ruwa a kwance, dangin sil, waɗanda ƙaton namijinsu kan kai tan uku, yana gurnani yana gadin matansa. A sama kuma ga albatros, tsuntsun da idan ya buɗe fukafukansa sukan wuce mita uku. Waɗanda suka je sun ce wari da hayaniya ne ke fara tarbar mutum tun yana cikin kwale-kwale.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ake sa baƙon ya yi kafin a bar shi ya taka ƙasa. Ana tara fasinjoji a falon jirgi, kowa ya kawo rigar sanyinsa da hula da safar hannu da jaka. Attajirin da ya biya dubban daloli zai zauna ya zazzage aljihu, ya bi kowane ɗinki da injin zuƙe ƙura, ya sa tsinke ya ƙwaƙule ƙasan takalmi, don kada ƙwayar irin ciyawa guda ɗaya ta wata ƙasa ta bi shi. Ma'aikaci ya duba, in bai gamsu ba ya mayar da shi ya sake. A bakin matattakala akwai kwatarniyar ruwan magani da buroshi, a wanke takalmi da fita, a wanke da dawowa. Kamfanonin da ke wannan harka sun kafa ƙungiyarsu, IAATO, a 1991, kuma ƙa'idojin da ake bi a yankin sanannu ne: kada mutum fiye da 100 su sauka wuri guda a lokaci guda, kowane mutum 20 da jagora ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 ba zai sauke kowa ba sai dai kallo daga nesa, kuma tsakanin mutum da dabba a bar aƙalla mita biyar. Ba a ba dabba abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa.

Wannan tsantseni daga baya ya zo, bayan an gama ɓarna. A 1904 wani ɗan Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa masana'antar sarrafa manyan kifayen nan na teku, wel, a Grytviken da ke tsibirin. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1960, wel fiye da dubu 175 aka feɗe a tashoshin South Georgia, aka narka kitsensu aka yi sabulu da man girki da sinadarin haɗa nakiya. Ba tausayi ne ya rufe tashoshin ba, kifin ne ya ƙare. Jiragen mafarautan wel, da na mafarautan sil da suka riga su zuwa, kuma sun bar wata tsaraba: ɓeraye, waɗanda suka yi shekara fiye da 200 suna cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Tsakanin 2011 da 2015 aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu aka watsa shinkafar ɓera fiye da tan 300, aiki na kusan fam miliyan 10, aka bi da karnuka masu sansano ɓera lungu-lungu, sannan a Mayun 2018 aka shelanta cewa babu sauran ko ɗaya. Wani ɓangare na kuɗin daga aljihun fasinjojin jiragen nan ya fito. Saboda haka ba na cikin masu yi musu dariya, ko da yake hayaƙin jirgin sama da na ruwan da ke kai su can yana cikin abin da ke narkar da ƙanƙarar da suka je kallo, kuma yawansu yana ƙaruwa da saurin da ya fara damun masana.

Idan Maris ya wuce, da yawa daga jiragen sai su juya arewa, su nufi tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda farin beyar yake. A babban garin wurin, Longyearbyen, rana ba ta faɗuwa tun daga ƙarshen Afrilu har ƙarshen Agusta, sannan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa. Musulmi dai ba ya jin haka bai tambayi salla da azumi ba, kuma tambayar tsohuwa ce, domin tun a shekarar 922 Ahmad bin Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya tarar da Musulmin Bulgar na bakin kogin Volga suna fama da gajeren dare, alhali su ko kusa da wannan nisa ba su kai ba. Malaman zamani sun ba da mafita: a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu kuma suka ce a bi na Makka. A Svalbard duk wanda zai fita bayan gari dole ya riƙe abin korar beyar, yawanci har da bindiga, kuma daga 2025 doka ta hana kusantarsa ƙasa da mita 300. A gefen garin, cikin wani dutse, akwai rumbun ajiyar irin shuka na duniya da aka buɗe a Fabrairun 2008. Cikin akwatunan farko da suka isa akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda take da reshe a nan Kano mai aiki a kan wake. Wato waken da muke yin ƙosai da alala da shi yana da 'yan uwa a daskare a can. 'Yan yawon buɗe ido sukan je su ɗauki hoton ƙofar su juyo, ganin Dala ba shiga birni ba.

To, daga irin wannan arewa mai nisa ne baƙin namu suke zuwa, kuma a daidai watannin da jiragen Ushuaia suke jigilarsu.

Wata safiya ta hunturu na tsaya a bakin wani kududdufi a cikin birni. Ruwan ya yi kore, leda ta yi masa rawani, an cike kusan rabinsa da shara da ɓaraguzai, har an fara aza bulo a kan cikon. A ɗan taɓon da ya rage ga wani ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa, siraran ƙafafu, dogon baki, yana 'yan gudu-gudu yana caccakar laka, in ya tsaya sai ya riƙa kaɗa gindi. Wani dattijo na zaune a kan dakali yana shan hantsi, na gaishe shi na ce, "Baba, wannan tsuntsun na nan ne kuwa?" Ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "A'a ɗana, baƙo ne. Da sanyi suke zuwa, in zafi ya shigo ka neme su ka rasa. Da muna yara sai ka ga bakin ruwan nan ya yi baƙi da su." Lissafinsa daidai yake da na masu ilmin tsuntsaye, abin da kawai bai sani ba shi ne inda suke tafiya. Irin waɗannan 'yan bakin ruwa a fadamun arewacin Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, wasu jinsinsu har gaɓar tekun ƙanƙara.

Yawancin kududdufan Kano ba Allah-ya-yi ba ne, hannu ne ya haƙa su. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar da aka gina ganuwa da soraye da zauruka, damina ta zo ta cika ramukan. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya ga ruwan Jakara ya raba garin biyu. Ruwan nan ya jawo sauro, wannan gaskiya ne, amma shi ne kuma yake shanye ambaliya, shi ne masaukin balbela da zalɓe da baƙin hunturu. A 1981 wasu masana biyu, R. E. Sharland da Roger Wilkinson, sun wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, kuma Sharland ya daɗe yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa a ƙasar nan. Da irin wannan zobe mai lamba da adireshi aka fara gano hanyoyinsu: a sa wa tsuntsu a wata ƙasa, maharbi ko masunci ya tsince shi a wata. Yau Jakara ta zama magudanar kankare da titi a kanta, sauran kududdufan kuma ana ta cike su ana yanka filaye, shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane.

Tafiyar da tsuntsayen nan suke yi ba ƙarama ba ce. Akwai wanda ake kira raf, mai yawan gaske a fadamun Sahel; waɗanda ke zuwa Afirka ta Yamma daga Saiberiya zuwa da komowarsu kan kai kilomita dubu 30 a shekara. A can gida namijin yakan yi ado da wani tulin gashi a wuya, maza su taru a fili suna rawa da faɗa mata na zaɓe. Mu nan a tuɓe yake iso mana, ruwan toka kawai, yana tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai farin ƙugu da ke tsalle-tsalle a saura, nauyinsa bai wuce giram 25 ba. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna wanda ya ƙyanƙyashe a tsibirin Baffin na Kanada yakan ƙetare tekun Atlantika ya zo yammacin Afirka ya yi hunturu. Mu da ma mun san shamuwa, mun san in ta sauka a kan kuka ko rimi damina ta ƙarato. Ita daga kudancin Afirka take zuwa, kuma da ta tafi ne waɗannan na arewa suke maye gurbinta.

Babban masaukinsu yana gabas da mu, tafiyar da ba ta kai yini ba: fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. An ga nau'in tsuntsu fiye da 370 a wurin. A ƙidayar da aka yi a Janairun 1997 an samu tsuntsayen ruwa fiye da dubu 300, na gida irin su kirinjijiya da dinya da gauraka, da agwagin Turai da raf. An fara shirin kula da fadamar a 1987, Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya ziyarci tafkin Dagona a 1989, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A wancan zamani Turawa masu madubin hangen nesa sukan sauka a filin jirgin Kano su ɗauki hanya. Rikicin arewa maso gabas ya tsinke wannan zirga-zirga.

Har ciwo ma ɗaya muke sha da tsibiran ƙanƙara. Masu kiwon kaji a Kano ba su manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano, karo na farko a nahiyar Afirka, aka yi ta binne kaji. Wani reshe na wannan ƙwayar cuta ne ya bi tsuntsayen daji ya gangara Kudancin Amurka, ya isa South Georgia a Oktoban 2023, ya kashe tsuntsaye da sil masu yawa. Aka rufe wasu wuraren sauka, aka hana baƙi zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa.

Wani zai ce to mu ma mu kwaikwayi South Georgia mana, mu kafa doka, mu yi wa tsuntsu iyaka, baƙi su zo su biya. Anan ne nake ganin kwatancen ya rushe. South Georgia babu ɗan ƙasa ko ɗaya. Daga jami'an gwamnatin Birtaniya sai masu bincike sai ma'aikatan gidan tarihi, su ma zuwa suke su koma. Doka ba ta da wuyar kafawa a inda babu mai jin yunwa. Fadamar Haɗeja kuwa mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke ci daga cikinta: masunta, manoman shinkafa da alkama da tattasai, Fulanin da ke gangarowa da shanu da rani, masu yankan kaba. Ba za ka ce wa mai koma ya tsaya mita biyar daga agwagwa ba. Abin da ya sa al'amarin bai zama na fid da rai ba shi ne tsuntsun da masuncin da makiyayin buƙatarsu guda ce: ruwa ya malala da damina ya mamaye fadama, sannan ya janye da rani. A cikin malalar kifi yake hayayyafa, a bayan janyewar ciyawa take tsirowa, a taɓon da ya rage tsuntsu yake kiwo.

Makunnin wannan ruwa kuma a Kano yake. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya watsu a fadamar. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Su ne suka ba mu noman rani na Kadawa da Kura da ruwan famfo, babu mai musun alherinsu. Amma su da farin shekarun 1970 da 1980 sun rage faɗin malalar, daga hekta wajen dubu 250 ko fiye zuwa ƙasa da dubu 100 a shekaru da dama. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990 suka nuna cewa, in aka haɗa kifi da noma da itacen girki, amfanin da ruwa yake bayarwa a fadamar ya zarce wanda yake bayarwa a gonakin ban-ruwa na sama. Sannan ga matsalar da ba a hango ba. Kogin da a da yakan ƙafe da rani yanzu ruwa na tsiyaya a cikinsa duk shekara, kuma abin da ciyawar kacala take so ke nan. Ta toshe mashigai, ruwa ya karkata ya bi ta Marma ya cinye gonakin wajen Nguru, wasu rassan kogin suka bushe, ita kuma kacalar ta zama makwancin jan-baki mai cinye gero da shinkafa.

A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, sun amince da tsarin rabon ruwan tare da kafa asusu dominsa, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, mai riƙe da madatsun, hedikwatarta a Kano take. An sha kai injina ana yanke kacala ana yashe mashigai, ita kuma tana sake tsirowa. Abin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara shi ne a saki ruwa mai yawa a ƙarshen damina ya yi malala irin ta da, sannan a rage sakin da rani har kogin ya samu ya sha iska kacala ta mutu. Manomin tumatir na Kadawa kuwa da rani yake buƙatar ruwansa, haka ma famfon Fagge da na Mandawari.